Adakar Kakanmu: a ɗora hotunan littattafan a intanet ko a mayar a rufe?

Jikar Alaramma ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙowa zauren nan ina karatu, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba sai yau da wata maganar gida ta hana ni barci.

Kakanmu na wajen uwa alaramma ne a cikin birnin Zariya. Ya rasu ina aji uku a firamare. Abin da na fi tunawa shi ne ƙamshin ɗakinsa, na fata da turare da tsohuwar takarda, da wata adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa wadda ko kallonta ka cika yi sai an daka maka tsawa. Watan jiya rufin soron ya fara yoyo, aka fito da kayan ɗakin tsakar gida, aka buɗe adakar ina tsaye.

Akwai Alƙur'ani rubutun hannunsa, falle-falle ba ɗinki, an matse shi tsakanin tadarishi biyu an zura a gafaka. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza kuwa ɗigo ne rawaya. Kowane izifi da zayyanarsa a gefen shafi, na duba wajen ashirin ban ga biyu iri ɗaya ba. Akwai Ishiriniya, akwai Risala mai ƙananan rubutu cunkushe a tsakanin layuka, wasu da Larabci wasu da ajami. Akwai waƙoƙin wa'azi na Hausa, da wasiƙu, da wani kundi ɗaure da tsumma wanda Kawu ya ɗauke tun kafin in miƙa hannu. Gara ta riga ta ci gefen wasu takardun.

Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin nazarin ɗan Adam da al'adunsa, kuma abin da ya fi ci mini rai a karatun nan shi ne inda aka ajiye mu. Ka nemi fasahar Musulunci a intanet, za a jero maka fadar Alhambra da ke Andalus, da masallatan Isfahan, da tayil ɗin Istanbul. Ka nemi fasahar Afirka, sai a kawo maka gumakan Nok da tagullar Benin da fuskokin katako. Zayyanar Kaka ba ta nan ba ta can, ta zama jemage. Su ma magabatan fanninmu da suka zo ƙasar Hausa, da yawa abin da ke ƙarƙashin Musulunci suka zo tonowa: Tremearne ya fitar da littafinsa a kan bori a 1914, Greenberg ya yi nasa a kan Maguzawan ƙasar Kano a 1946. Ban ce aikin banza suka yi ba, ni kaina ina amfana da shi. Amma malamin zaure da alƙalaminsa da tawadarsa, an ɗauka kwaikwayon Larabawa yake yi, ba abin da za a tsaya dubawa.

Sai na kawo shawara a gida in ɗauki hoton komai in ɗora a Wikimedia Commons, rumbun hotuna na kyauta a intanet, kowa ya gani, kowa ya amfana. Kawu ya ce atafau. Ya ce tun Kaka na da rai wani mai bincike ya zo da takardar gabatarwa da ladabi kamar gaske, ya ari littafi ɗaya na sati biyu, yau shekara talatin da wani abu. Ya ce ilimi ba tumatir ba ne da za a baza a kan buhu. Yayanmu namiji kuma ya ce ai gado ne, a raba kowa ya ɗauki nasa, har ma akwai wani da ya yi masa maganar saye. Mama ba ta ce komai ba, ta dai shiga ɗaki tana share hawaye.

To jama'a, kayan nan na wa ne? Na magada, ko na unguwar da ya karantar shekara hamsin, ko na duk mai jin Hausa? In na ɗauki hotunan a ɓoye na ci amana? In na bari gara ta ƙarasa su fa?

Tsohon Almajiri ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Alaramma, ya sa Alƙur'anin da ya rubuta ya cece shi.

Maganar ɗauka a ɓoye, ki cire ta daga ranki tun yanzu. Ranar da Kawunki ya gani a wayar wani, adakar nan ta rufe ke nan har abada, kuma ke kika rufe ta.

Ta fuskar shari'a Yayanki bai yi ƙarya ba. Littafi dukiya ne, yana shiga gado, kuma mahaifiyarki tana da rabonta a ciki, kada a yi shawara a bar ta tana kuka a ɗaki. Amma na ga rabon littattafai da idona a gidan wani malaminmu, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da yake takardun ba a ɗinke suke ba, aka kasa su kashi-kashi kamar goro. Rabin littafi ya tafi gidan wannan, rabi ya tafi gidan wancan, kowa ya tashi da abin da ba ya karantuwa. Hanya biyu malamai suka sani. Ko a yi wa littattafan kuɗi, mutum ɗaya ya riƙe, a fitar wa sauran haƙƙinsu daga wata dukiyar. Ko kuma magada duka su yarda a yi hubusi da su, wato wakafi. A mazhabarmu ta Malikiyya ya halatta a yi hubusi da littattafai. Ana rubutawa a fallen farko, a kafa shaidu, a naɗa mai kula, daga nan ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada, amma duk mai neman karatu yana da ikon zuwa ya karanta bisa sharaɗin da aka gindaya. Da haka laburaren Ƙarawiyyin da ke Fas ta ƙasar Maroko ya tara abin da ya tara. Ibn Khaldun da kansa ya yi wakafin kwafin littafinsa na tarihi a can a ƙarshen ƙarni na 14.

Sai dai zan saɓa wa Kawunki a abu ɗaya, da girmamawa. Yaya aka yi Risalar nan ta zo hannun Alaramma? Ba injin ɗab'i a lokacin. Almajiri zai ari littafin malaminsa, ya zauna wata da watanni yana kwafa, ya mayar da na mai shi, a ƙarshen nasa ya rubuta sunansa ya roƙi wanda zai karanta ya yi masa addu'a. Mu haka muka tarar. Ashe kwafa da yaɗawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, shi ne ma hanyar da ilimin ya bi ya iso.

Amma kundin da ya ɗauke, yana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Kundin malami ba littafin karatu ba ne. Akwai laƙani da hatimai da ba a bayarwa sai da izini, wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya fi nauyi, akwai sunayen mutane: wance da ta zo neman haihuwa, wane da bashi ya sha masa kai, wanda ya zo a kan matsalar da ko matarsa ba ta sani ba. Jikokinsu suna nan a unguwarku kina gaisawa da su. Wannan sirrin ba na Alaramma ba ne balle ya zama naku. Wasiƙun ma a karanta su tukuna kafin a yanke hukunci.

Mai Tsaron Takardu ta rubuta:

Ƙanwata, shekarata goma sha uku ina aiki a sashen tsofaffin rubuce-rubuce na wani laburare, don haka bari in fara da abin gaggawa kafin muhawara.

Kada ki sa su a leda, gumi zai taru su yi funfuna. Kada ki manna salatif a inda ya yage, kuma don Allah kada kowa ya kai su shagon da ake lulluɓe takardun makaranta da roba mai zafi, wannan kisa ne ba gyara ba. Ki ɗaga adakar daga ƙasa, a kan benci ko bulo, nesa da bango, saboda gara. Abu mafi muhimmanci, kada a hargitsa jerin fallayen. In ma sun hargitse, duba ƙasan shafi za ki ga kalma ɗaya ita kaɗai a kusurwa, ita ce kalmar farko ta falle na gaba. Da ita marubutan suke jera littafi tunda ba lambar shafi.

Ɗaukar hoto ba ya buƙatar wata babbar na'ura. Waya mai kyau ta isa, a inuwa da hasken rana, ba tare da walƙiyar kyamara ba. Ki shimfiɗa baƙin ƙyalle, ki ajiye rula a gefe don a san girman takardar, ki ɗauki gaba da baya na kowane falle har da waɗanda ba rubutu, da tadarishin da gafakar. Sannan ki ɗaga wasu fallayen ki duba su ta hasken taga. In kin ga tambarin jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, to takardar arewa maso gabashin Italiya ce, wadda fatake suka riƙa kawowa ta Tarabulus da Masar su ƙetaro Sahara da ita, musamman a ƙarni na 19. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 hanyar kaya ta juya ta koma Ikko. Tambarin shekarun takarda yake nunawa ba na rubutu ba, amma yana ba da haske.

Yanzu maganar Commons. Ina son wurin, ni ma ina ɗora hotuna a can, amma ki san sharaɗinsa kafin ki shiga. Ba sa karɓar hoto sai da lasisin da ya yarda kowa ya ɗauka, ya sauya, har ya yi kasuwanci da shi, kuma in kin bayar ba a janyewa. Wato wani yana iya buga zayyanar Alaramma a riga ko a kofin shayi ya sayar, ba ki da bakin magana. Ga zayyanar gefe kaɗai wataƙila ku ce ba komai. Ga shafi mai ayoyi, ki tambayi kanki ko za ki iya kallon Kawu ki faɗa masa haka.

Tsakanin rufewa ruf da bazawa kowa ya ɗiba akwai matakai. Shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004, ƙa'idarsa ita ce asalin takardun ba ya barin ƙasar, hoto kawai ake ɗauka, a bar kwafi a wata cibiya ta gida. Jami'ar Boston tana da rumbun ajami a intanet mai ɗauke da rubutun Hausa da Fulatanci da Wolof da Mandinka, su ma hoto suke ɗauka su bar wa masu abu abinsu. Nan kusa da ke akwai Arewa House a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Duk inda za ku je, a yi yarjejeniya a rubuce: me za a nuna wa kowa, me za a nuna wa mai bincike kaɗai, sunan wa za a sa.

Ki kwatanta da laburaren Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa a Kano da ya rasu a 1962. Takardunsa fiye da 3,000 suna Jami'ar Northwestern kusa da Shikago. An adana su, an yi musu kundin bayani, gara ba ta taɓa su ba, wannan gaskiya ne. Amma ɗalibin Kano da ke son ya riƙe su a hannu sai ya nemi biza. Wanda ya yi wa Yayanku maganar saye, ko wannan ba za ku samu daga gare shi ba, don dillali ba ya faɗin inda kaya suka tafi.

Baban Hanifa, Landan, ya rubuta:

Ni dai ina bayanki, Malama, a ɗora. Bara aka ba 'yata aikin makaranta a kan fasahar Musulmi, ta cika takarda da hotunan Turkiyya da Maroko. Na ce ina namu? Ta ce Baba, mu ma muna da shi ne? Yarinyar da allon zayyanar saukata yake rataye a falonmu tun kafin a haife ta.

Kuma ba laifinta ba ne. Babban gidan tarihin Met da ke New York, da suka sake buɗe sashen a 2011, sunan da suka ba shi ya lissafa ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Iran da tsakiyar Asiya da kudancin Asiya. Mu da ke kudu da Sahara ko a sunan ba mu fito ba. Gidan tarihin Birtaniya ya ɗan gyara a zauren da ya buɗe a 2018, an sa Afirka ta Yamma a ciki. Amma babbar riga mai aska takwas, in ka gan ta a irin wuraren nan, yawanci abin da ke jikin katin shi ne ƙabila da ƙasa da ƙarni, ba sunan wanda ya zana ko ya ɗinka. Alhali mun san da yawa malamai da almajirai ne suke wannan aikin tsakanin darasi da darasi.

Ke kina da abin da su ba su da shi: kin san sunan mai hannun, da unguwarsa, da malaminsa. Masu buga riga su buga mana, ai ko yanzu suna bugawa.

Jikar Alaramma ta rubuta:

Na gode ƙwarai. Baba Tsohon Almajiri, Allah ya ƙara lafiya, na janye maganar ɓoye, kunya ma ta kama ni da na sake karanta abin da na rubuta. Yaya Mai Tsaron Takardu, wallahi saura ƙiris in sayo leda, Allah ne ya kawo ki.

Wani abu ya ba ni dariya. A aji mun sha wahalar muhawarar Hardin, wanda ya rubuta a 1968 cewa duk abin da jama'a suka yi tarayya a kansa ƙarshensa lalacewa, da Elinor Ostrom da ta bi makiyaya da masunta da masu noman rani ta nuna cewa ba haka ba ne in akwai iyaka sananniya da ƙa'ida da mai sa ido, har aka ba ta kyautar Nobel a 2009. Na haddace na rubuta a jarrabawa, ban taɓa haɗa shi da hubusi ba sai da Baba ya jero sharuɗɗan. Ni a kaina tarayya tana nufin a cire ƙofa gaba ɗaya.

Baban Hanifa, na ji zafin maganar 'yarka. Amma ban iya cewa su buga mana ba. Kaka ba ya taɓa takardun nan sai da alwala.

Ɗan Birni, Damagaram, ya rubuta:

Salamu alaikum mutanen Najeriya. 'Yar'uwa, jemagen da kika ce, mu a wajenmu har suna Faransawa suka raɗa masa. Jami'ansu na mulkin mallaka suna kiran addininmu Musuluncin baƙar fata, wai daban yake da na Larabawa, gauraye ne, ba shi da zurfi. Wanda ya yarda da haka ba zai je neman laburare a gidan malami ba. Sai bayan 'yancin kai Bubu Hama, marubuci kuma ɗan siyasar Nijar, ya tashi tattara rubuce-rubucen, yau suna cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Yamai, wajen 4,000, na Larabci da na ajami. In hanya ta kawo ki, ki leƙa.

Amma ina so in ja kunnenki a kan fitowa fili, don tana da kuɗinta. Tumbuktu ta yi suna a duniya saboda littattafanta, sunan ya kawo tallafi, ya kuma kawo idon da ba a so. A Janairun 2013, da 'yan bindiga za su bar garin, kimanin littattafai 4,000 na cibiyar Ahmad Baba aka ƙone ko aka yi gaba da su. Mafi yawan na gidaje sun tsira ne don iyalai sun zuba su a akwatunan ƙarfe irin naku, an bi da su ta mota da kwalekwale zuwa Bamako a ɓoye. Wato irin halin Kawunki ne ya cece su. Daga baya kuma irin naki halin ne ya sa aka ɗauki hotunansu, har Google ta fitar da shafuka sama da 40,000 a 2022. Ku a Zariya ba yaƙi ne abin tsoro ba, dillalai ne da ɓarayi. In za ki ɗora, ki sa sunan Alaramma da garin, kada ki sa kwatancen gida.

Sannan abin da ake gani ba lallai ne shi ake kula da shi ba. Hasumiyar masallacin Agadas, mita 27 ta ƙasa zalla, ta shiga jerin UNESCO a 2013 tare da tsohon garin, hotonta ya cika duniya. Amma hoto ba ya yin yaɓe. A Jenne ta ƙasar Mali duk shekara gari ne yake fitowa gayya, mata na ɗebo ruwa, samari na cuɗa ƙasa suna hawa, a yini guda a yaɓe masallacin. Ku kuma ga naku masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda masana gini na duniya suke rubutu a kan bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufin. A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage da ginin siminti, mai son ganin siffarsa ta asali sai ya je Jos ya ga kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Tambayata gare ki: a cikin jikokin Alaramma, mutum nawa ne suke iya karanta ajamin nan? In ba kowa, wa za ki bar wa hotunan?

Jikar Alaramma ta rubuta:

Ɗan Birni, tambayarka ta same ni a inda ba na so. Mu goma sha bakwai ne, masu karanta ajami da sauri biyu, kuma ba na ciki. Ina haɗa baƙi kamar 'yar aji ɗaya.

Da wannan na je wa Kawu ranar Asabar. Ban ambaci intanet ba sam. Na ce ina so ya koya mini karanta waƙoƙin Kaka. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya aika aka ɗauko tabarma. Ya ɗauki falle ɗaya ya fara rerawa, ashe da ka ya san ta, takardar riƙewa kawai yake yi. Mama ta fito daga ɗaki tana amsa masa amshin. Ban taɓa jin waƙar ba a rayuwata, su kuma da ita aka yi musu reno. Na nemi izini na ɗauki muryarsu a waya, ya ce in ɗauka.

Inda aka tsaya yanzu: ya yarda in ɗauki hoton komai ban da kundin, a gabansa, a zaure, takarda ko ɗaya ba za ta fita ba. Kwafi ɗaya wurinsa, ɗaya wurin Mama, ɗaya wurina. Waƙoƙin da zayyanar gefe ya ce a bari ya yi shawara, bai ce e ba bai ce a'a ba. Shafukan ayoyi ya ce kada in ma sake tayar da maganar. Hubusi kuwa ya ji daɗinsa, amma akwai Innarmu da ke aure a Kaduna da ba a ji ta bakinta ba, Yaya kuma har yanzu yana cewa a dai yi musu kuɗi a ji.

Yaya Mai Tsaron Takardu, na ɗaga su ta taga kamar yadda kika ce. A Alƙur'anin ban ga komai ba. A Risalar kuwa ga jinjirin wata uku nan ɓaro-ɓaro, kusan kowane falle na huɗu. Sai na ce wa Kawu ya karanta mini shafin ƙarshe. Ya karanta tammat, wato kalmar rufe littafi, ya karanta addu'a, ya zo kan sunan wanda ya rubuta da wanda aka rubuta wa, sai ya yi shiru. Ba sunan Kaka ba ne, ba kuma na mahaifinsa ba. Wani malami ne na wata unguwa can ta wajen Ƙofar Gayan, kuma a ƙasa da wata tawada daban, da hannun Kaka, an rubuta cewa aro ne.

Kawu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Ya ce in shirya ranar Juma'a bayan an sauko, za mu je mu tambaya ko akwai sauran zuri'arsa. Baba Tsohon Almajiri, in mun same su, hotunan Risalar da na riga na ɗauka, sai na nemi izininsu kafin in riƙe ko?